Labulen Goggo Zainaba

A kan allon da ke bakin shagonta a Zango, Zuliha ta sa an rubuta "Dekorasiyo" da manyan baƙaƙe, amma duk Damagaram ba wanda ya taɓa kiran ta da wannan suna. Zuliha mai jere ake ce mata. Tun tana gyara wa mutane, tana cewa jeren ɗakin amarya abu ɗaya ne kawai cikin ayyukanta, har ta gaji ta bari. Gaskiyarta kuwa. Ita ke zaɓa wa manyan ma'aikata labulen salo, wato falo, ita ke gaya wa matan 'yan kasuwa cewa kujera shida ta ishi ɗaki, ba sai an cusa goma sha biyu har baƙo ya rasa inda zai sa ƙafa ba.

Mace ce mai shekara arba'in da ɗoriya, gajeruwa, mai saurin tafiya da saurin magana, kuma Allah ya jarrabe ta da son tsofaffin kaya. In ta shiga kasuwar Dole sayen tumatir, sai ta komo da tsohuwar tasa ta jan ƙarfe, tumatir kuwa sai gobe. Bangon shagonta cike yake da makullan da ƙofofinsu suka daɗe da zama itacen girki, ta rataye su reras tana nuna wa baƙi. Tana da littattafan Faransanci masu hotunan saƙa da gine-gine, waɗanda ta tsinto wajen masu baza tsofaffin takardu a bakin titi, kuma ta haddace su fiye da lambar wayar mijinta. Ranar Lahadi da la'asar kuwa, in dai da wuta, kada ma ka neme ta. Tana gaban tele tana kallon shirin nan da ake shiga gidajen mutane ana gyarawa, tana yi wa masu shirin gardama kamar suna jin ta.

Wata safiya wayarta ta yi ƙara. Mahamud ne daga Yamai, ɗan Goggo Zainaba, yayar mahaifinta. Taubasai ne, don haka ba a fara da gaisuwar kirki ba.

"Baiwata, kina nan kina tara tarkacen mutane?"

"Bawa dai ba ya kiran uwargijiyarsa sai da dalili. Faɗi abin da ke tafe da kai."

Ya ce Inna za ta tafi Gidimuni suna, an yi mata tattaɓa kunne, kuma za ta yi sati biyu a can. Ɗakinta na Birni ya lalace, bango na zuba, tsohuwa ta haura tamanin ba ta taɓa bari an taɓa mata shi ba. Yana so kafin ta dawo a gyara, ta shigo ta ga abin mamaki.

"Duk abin da ke ɗakin ki yi yadda kika ga dama," in ji shi. "Ke kika san aikinki."

Wannan maganar ce ta jawo komai, kodayake ba za a ɗora wa Mahamud laifi ba. Bai san wadda ya sakar wa linzami ba.

Shekara da shekaru Zuliha na kwaɗayin ɗakin nan. Tsohon soro ne na ƙasa, mai rufin azara, da sanyi ko a tsakiyar bazara. Washegarin tafiyar Goggo ta iso da tsintsiya da ɗankwali ɗaure a hanci. Maginin da ya zo da maganar siminti ta sallame shi tun daga zaure, ta nemo wani dattijo da ya iya yaɓe irin na da, aka shafe bangon da farar ƙasa. Ta sa aka goge azara ɗaya bayan ɗaya. Ta fito da tasoshin auren Goggo daga ƙarƙashin gado, ta dirje su da toka da tsamiya har suna ɗaukar ido. A can lungu ta tarar da wata taskira, cikinta da mazari uku da bakan shiɓa da ɗan guntun alli. Ta yi ta juya su tana murna, ta kakkaɓe, ta jera su a kan kanta don ado.

Sai akwatin ƙarfe da ke gindin gado. Makullinsa na rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ta ɗan yi jim, don ita ma da tarbiyyarta, amma ta tuna an ce ta yi yadda ta ga dama. Ta buɗe.

Zannuwa ne a sama, tsofaffin atamfofi da ba ta damu da su ba. A can ƙasa kuwa akwai wani ƙunshi a cikin tsohon mayafi. Ta kwance. Farin saƙi ne na hannu, layi-layi, kowane layi faɗin tafin hannu, an haɗa su da ɗinki mai kyau. Zaren siriri ne sumul, ba kulli ko ɗaya. Ba a taɓa ɗaura shi ba, ba a taɓa wanke shi ba. A cikin ninkin akwai 'yar kwalbar turare da ba a fasa ba, da allura soke da zarenta.

Da a ce akwai wata tsohuwa a tsaye a wurin, da ta ce mata ta ninke ta mayar, ta yi salati ta rufe akwatin. Amma ba kowa, kuma a zamanin da Zuliha ta taso, farin yadi ake aikawa a yanko a kasuwa ranar da buƙata ta zo. Abin da ya faɗo mata shi ne shafi na sittin da wani abu na littafinta, inda aka ce irin wannan saƙar ta kusa ɓacewa, da kuma wani ɗaki da ta gani a tele mai labulen auduga tsantsa, rana na ratsowa ta cikinsa.

"Shekara nawa wannan dukiya na kwance cikin duhu!" ta ce da kanta. "Goggo ke nan."

Ta auna taga, ta auna ƙofa, ta sa almakashi ta raba shi biyu. Da ta ga farin ya yi yawa a jikin farin bango, sai ta kai wa wani marini, ta ce ya tsoma mata gindin kowane ɗaya a baba, kamu biyu-biyu. Kwalbar turaren ta ɗora ta a kan kantar nan kusa da mazari. Aka rataye labule, kuma in za a faɗi gaskiya ya yi kyau, kyan da ita kanta ba ta taɓa fitarwa a gidan kowa ba. Ta ɗauki hoto ta tura wa Mahamud, ya ce lallai baiwa ta yi abin a yaba.

Goggo Zainaba ta dawo ranar Alhamis da hantsi, da ƙullin dabino da rake na tsaraba. Doguwa ce, ta ɗan ranƙwafa, idonta ya yi rauni amma bakinta na nan da kaifinsa. Zuliha ta tare ta a zaure baki har kunne, ta riƙo hannunta.

"Goggo, rufe ido."

"Wane idon? Ai ya rufe kansa tun bara. Mu je."

Ta shiga ta tsaya. Ta dubi azara, ta dubi bango, ta shafa tasoshinta ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunan wadda ta ba ta kowace. Ta ce Allah ya yi albarka, ta ce ashe haka ɗakin yake da faɗi. Zuliha kamar ta taka rawa. Sai iska ta kaɗa labulen taga ya taɓa kafaɗar tsohuwar. Ta kai hannu don ta kawar da shi, hannun ya tsaya a kai.

Ta murza shi tsakanin yatsu biyu. Ta bi ɗinkin da babban yatsa har ƙasa, inda fari ya ƙare shuɗi ya fara. Ta juya ta dubi na ƙofa, sannan ta zauna a bakin gado a hankali.

"Ɗiyata, a ina kika samo wannan?"

"A akwatinki, Goggo. Kin san kuwa irin wannan saƙar yanzu ko a..."

"Likkafanina ne."

Zuliha ta juya ta dubi labulen.

Goggo ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce shekarar da mijinta Malam ya rasu, da ta fita takaba, ta je Gidimuni ta tsinko auduga a bayan gidan ubansu, kakan Zuliha ke nan. Ita ta gurje, ita ta shiɓe, ita ta kaɗa, damina uku tana abu ɗaya. Mai Nasara masaƙi ya saƙa mata, shi ma yau shekararsa ashirin a ƙasa. Uwarta haka ta yi, kakarta haka ta yi. Kowace ta tafi cikin aikin hannunta.

"Na auna shi a jikina har sau biyu," in ji ta. "Yanzu kin yanke, kin rina gindi. Da ni gajeruwa ce irinki da farin da ya rage ya isa."

Nan Zuliha ta durƙushe a gabanta tana kuka, kukan da rabonta da shi tun rasuwar mahaifinta. Kunya ce ta fi cin ta. Ita da ta san sunan kowace saƙa daga nan har Agadas, ita da ke koya wa mutane darajar kayan da, ba ta gane abin da kowace tsohuwa a Birni za ta gane da kallo ɗaya ba. Ta miƙe za ta ciro labulen, Goggo ta ce ta bar shi tukuna, rana na shigowa.

Kashegari ta zo da farin yadi mafi kyau da ke kasuwa. Goggo ta shafa shi, ta yaba, ta mayar mata.

"Ba shi da laifi. Da shi ake rufe malamai da attajirai, wace ce ni? In na mutu gobe da shi za ku sa ni, kuma ba zan tashi in yi gardama ba. Ni dai na so in tafi cikin nawa ne. Shi ke nan."

Wannan "shi ke nan" ɗin ya hana Zuliha sakat. Ta zauna ta yi lissafin abin da ya ɓaci. Inda ta yanke za a iya haɗewa da allura. Inda aka rina ne ba dawowa, kamu huɗu cif. Kamu huɗu na farin saƙi take nema, kuma ta shiga nemansa ruwa a jallo. Ta bi dillalan tsofaffin kaya, suka kawo mata gwado da luru, ba fari. Ta tambayi masu sayar da fata, ta tambayi direbobin tasha. A ƙarshe wata mai kawo kuka daga ƙauye ta ce akwai wani tsoho a Hamdara, Gambo, da har yanzu yake da masaƙa a ƙofar gidansa.

Ta same shi a gindin bedi yana gyaran igiyar akuya. Ya saurare ta har ta gama, ya karɓi guntun da ta zo da shi, ya kai shi dab da ido.

"Wannan hannun Mai Nasara ne," ya ce. "Zan saƙa miki, Hajiya. Kawo zare."

"A ina ake saye?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce zaren kanti dai ga shi nan ko'ina, in tana so ya saƙa da shi, amma mai wannan kayan za ta gane tun kafin ya taɓa jikinta. Zaren hannu kuwa ba a sayar da shi, don masu kaɗi sun ƙare. Matarsa ce ta ƙarshe a garin, ita ma ta rasu.

Zuliha ta dawo ta gaya wa Goggo. Tsohuwar ta ɗaga hannayenta ta nuna mata. Yatsun sun kumbura a gaɓoɓi, ko carbi da ƙyar suke ja.

"Waɗannan sun yi ritaya," ta ce. Sai ta juya wajen kantar nan, inda mazari uku ke jere gwanin sha'awa kusa da kwalbar turare. "Sauko min da wancan adon naki. Ba don kallo aka yi shi ba. Zauna."

Haka Zuliha mai jere ta koma 'yar koyo tana da jika. Aka aiko da auduga daga Gidimuni, don itatuwan na nan bayan gidan, ba mai kula su. Ta koyi gurza, ta koyi shiɓa har gashin girarta ya yi fari. Kaɗin ne ya gagara. Ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari, ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin gado. In ta ja da ƙarfi zare ya tsinke, in ta sassauta ya fito da kauri.

"Wannan zare ne ko igiyar guga?" in ji Goggo. "Warware."

"Goggo, a littafi an ce..."

"To ba littafin mazarin ya kaɗa miki."

Kullum bayan azahar sai ta rufe shago ta hau kabu-kabu zuwa Birni. Wata matar babban ma'aikaci ta yi fushi ta kai aikin salonta wani wuri, Zuliha ko a jikinta. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, masu shirin tele suka yi ta gyaran gidajensu ba mai yi musu gardama. A maimakon haka ta ji abubuwan da ba su cikin kowane shafi: yadda ake gane audugar da ta sha raɓa, dalilin da ya sa zaren tsaye ya fi na kwance murɗi, da yadda mahaifinta yana yaro ya taɓa sace mazarin uwarsu ya yi wasa da shi, ya sha kashi. Goggo kan yi ta zuba, idonta a lumshe, hannunta ɗaya a kan zaren yana lalube. Ko barci ya ɗauke ta, in kulli ya wuce sai ta farka.

Da damina ta yi tsaka, zazzaɓi ya kwantar da Goggo. Kwana tara ba ta ci abin kirki ba. Mahamud ya zo daga Yamai, ba wasan taubashi a bakinsa, ya kai ta likita aka yi mata ƙarin ruwa. Zuliha ta zauna a gefen gado da taskira a cinya tana kaɗi. Tsoro take ji ƙwarai, kuma ta san abin da take tsoro: kada tsohuwar nan ta tafi cikin yadin kasuwa saboda almakashinta. Rabin zaren ma bai samu ba. Ta riƙa sauri, zaren na fita yadda ya ga dama.

A rana ta goma Goggo ta buɗe ido, ta miƙo hannu ta taɓa abin da ke kan mazarin.

"Gaggawar me kike yi?" ta ce, muryarta can ƙasa. "Kora ta kike? Warware. Ba inda za ni da wannan."

Zuliha ta warware tana dariya tana hawaye. Goggo kuwa ta nemi kunu.

Sai bayan an gama girbin gero zaren ya cika. Ta kai wa Gambo, ya jujjuya dunƙulen, ya ce ya ga wanda ya fi wannan, ya kuma ga wanda bai kai shi ba. Bayan sati uku ya aiko da saƙi. A ranar suka sauke labulen biyu. Zuliha ta yanke shuɗin ta ajiye gefe, wannan karon sai da ta tambaya kafin ta sa almakashi. Ta zauna a tabarma da allurar nan da ta tarar a ƙunshin, ta haɗe farin Goggo da farin Goggo, sannan ta kawo nata ta jona.

Da aka shimfiɗa shi a gado, ko makaho ya san hannu biyu ne. Na Goggo sumul, nata kuwa da ƙuraje, wani wuri kauri wani wuri siriri. Idonta na mai jere ya kasa haƙuri.

"Goggo, ba su dace ba. Amma na yi dabara. In an zo sawa, sai a mai da nawa wajen ƙafa, a ninke shi ta ciki. Ba mai lura."

Goggo ta bi saƙin da tafin hannu tun daga wannan baki har wancan. Da ta iso kan na Zuliha sai ta daɗe a wurin, tana taɓa ƙurajen ɗaya-ɗaya kamar tana gaisawa da su.

"Can ɗin da za ni wa zai zo kallon jere?" ta ce. "Shekara talatin ina buɗe akwatin nan ina cewa daga kaina an gama, ba wadda za ta ƙara riƙe mazari a gidanmu. Wajen kai za a sa min wannan."

Ta sa aka ninke shi, aka mai da kwalbar turare da allura cikin ninkin, aka naɗe da tsohon mayafin. Shuɗin da aka yanke ta ce a haɗa a mayar taga, don ta saba da shi. Zuliha ta kulle akwatin, ta nufi ƙusar bayan ƙofa.

"A'a," in ji Goggo. "Riƙe shi. Ranar ke za ki buɗe, tunda kin riga kin san hanya. Kada ki bari su yi ta birkita min zannuwa."

Zuliha ta tsaya da makullin a tafin hannunta. Ɗan ƙarami ne, baƙi, irin na maƙeran da, wanda da a kasuwa ta gan shi da ta manta da tumatir. Tana da wuri a bangon shagonta da zai dace da shi sarai. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ja kullin da haƙori, sannan ta zauna ta jawo taskira, don akwai sauran auduga.